Zoben Uwargida da Cikin Baffa

Ba zan taɓa mantawa da wani shayi da aka sha da la'asar a barikin Kazaure ba, duk da na yi shekaru ina roƙon Allah Ya mantar da ni shi. Na daɗe ina jinkirin rubuta labarin nan. Da farko na ce sai waɗanda abin ya shafa sun kau, don kada in ci mutuncin mai rai. Da suka kau kuma sai na shiga tunanin ko gara mai rai, tunda shi yana iya yafewa. (Haka nake. Ina iya kulle ƙofa, in dawo sau biyu in tabbatar na kulle, sannan abinci ya ƙi shiga saboda tunanin ko garin tabbatarwa na buɗe ta.) Yau dai na ɗauki alƙalami, in na yi laifi Allah Ya yafe mini.

'Yan shekaru kafin Turawa su naɗe kayansu, ni kuku ne a gidan Baturen Rijiya, wanda aka turo ya haƙa rijiyoyin siminti a ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura. Mutumin ƙasar Ailan ne, kuma in kana son ka ga fuskarsa ta koma jan barkono, to ka kira shi Ingilishi. A bayan idonsa Jan Gemu muke ce masa. Yana jin Hausa sosai. Matarsa kuwa, wadda muke kira Uwargida, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ta kicin ba, sauran da hannu take ƙarasawa.

Wanda ya sama mini aikin shi ne Baffa, yayan mahaifina, dagacin garinmu a ƙasar Roni. Shi ya riƙe ni, shi ya sa ni elementare har na gama aji huɗu, shi ya kai ni gaban Jan Gemu ya ce, "Ga ɗana, yana karanta boko, kuma ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya." Ku riƙe wannan shaidar, za ku ga yadda na saka masa.

A gidan na koyi girke-girken da ban taɓa mafarkinsu ba. Na koyi kirɓa dankalin Turawa da kabeji da man shanu. Na koyi wata miyar naman rago da dankali da albasa, ba daddawa ba barkono, wadda in ka ba maras lafiya a garinmu zai ɗauka an fid da rai da shi. Na koyi burodin da ake kwaɓawa da nono mai tsami, wanda wata Bafulatana ke kawo mana kowace safiya. Akwai kuma ƙawar Uwargida, wata Bajamushiya mai jinya a asibitin kutare, kowa Sista yake ce mata. Ita ta koya mini yi wa kek kwalliya da kwaɓin sukari, a matsa shi ta bakin mazurari a fitar da furanni da tsuntsaye. Furannin na iya su har ana yaba mini. Tsuntsayen kuwa, da yake ina shakkar hukuncin yin siffar mai rai, duk wanda na fara sai in lanƙwasa shi ya ƙare a ganye, har Sista ta haƙura ta ce ba ni da hannun tsuntsu. Ita ce kuma ta taɓa yanka kabeji ta danna shi da gishiri a tulu, ta ajiye a sito har mako uku. Da na ji wari na zubar, na wanke tulun tas, na je na faɗa musu ina jiran yabo. Ashe warin ake jira.

To, a shekarar da nake ba ku labari, rijiya ta zo kan garinmu, sai saɓani ya shiga tsakanin ubangidana da Baffa. Jan Gemu yana son a haƙa a fadama, inda ya ce ruwa na kusa. Baffa ya ce a'a, sai cikin gari kusa da masallaci, domin fadamar da nisa, tsofaffi ba za su iya ba, kuma tana bakin iyaka da wani gari da shanunsu za su riƙa tattake wurin. Sau uku suna zama. Baffa ba ya ɗaga murya, sai dai ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka ne, amma a cikin gari za a yi." A ƙarshe aka tsayar da ranar da za a je a kafa turke a inda za a haƙa, kuma Jan Gemu ya yi alkawarin ba zai kafa ba in dagaci yana tsaye yana cewa a'a. Ana jibi za a je, ya aika wa Baffa cewa ya zo Kazaure gobe su sha shayi, wai ranar wani bikinsu ne na ƙarshen kaka, washegari sai su tafi tare a mota.

Tun daga jin gayyatar na fara zargi. Shekara biyu ina gidan, ban taɓa ganin an kira dagaci shan shayi ba. Me ya sa sai yanzu?

Ranar da safe Uwargida ta shigo kicin ta ce yau wani burodi na musamman za a yi. Tun jiya ta jiƙa zabibi da yankakken dabino a ruwan shayi. (Na sansana kwanon har sau uku don in tabbatar shayin ne kawai. Shayin ne.) Muka kwaɓa fulawa da yis da ƙwai da sukari da kayan ƙamshi, muka zuba 'ya'yan itacen, muka sa a gwangwanin gashi. Har nan ba abin zargi. Sai ta leƙa waje, ta tura ƙyaure. Ta ciro wani tsohon ƙyalle ta yago ɗan tsumma, na kuwa gane shi, tsohuwar rigar maigida ce. Ta karyo guntun tsinke. Ta ɗauko ƙwayar wake guda. Sannan ta zare zoben da ban taɓa ganin ta cire shi ba ko wajen wanka, ta sumbace shi. Ta naɗe kowanne a 'yar takarda, ta tura su cikin kwaɓin ɗaya bayan ɗaya, ta shafe wurin da yatsa har ba alama. Ta juyo ta ɗora yatsa a leɓe, tana murmushi, ta ce, "Kuku, kar ka faɗa. Asiri."

Jama'a, ku yi mini adalci. Tsumman rigar maigida, da tsinke, da wake, da zoben da ya sha gumin jikinta, a naɗe a takarda, a binne a abincin da za a ba mutumin da ake son juya masa ra'ayi gobe. An rufe ƙofa, an kuma ce kar in faɗa. Wane ɗan ƙasar nan ne zai ga haka ya ce wasa ne? Ni dai na ce a raina, ashe Turawa ma suna yi, sai dai su da tsabta suke yi, har da takarda.

Tana fita na tsaya a kan gwangwanin ina lissafi. In na bari, na ci amanar wanda ya raine ni. In na zubar da kwaɓin, na ci amanar wadda nake cin abinci a gidanta, ga almubazzaranci. In na tambaye ta, na nuna na gane, kuma wanda ya gane irin wannan abu ba ya daɗewa. Sai na ga wata hanya da na ɗauka Allah ne Ya nuna mini. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na lalubo ƙullin nan huɗu na ciro su, na shafe wurin yadda ta yi. Niyyata in an tashi aiki in kai wa wani malami a cikin gari ya karya abin. Rigar aiki ba ta da aljihu, kicin kuma ba lungun da Uwargida ba ta sani ba, saboda haka na cire hulata na jefa su ciki, da danƙon kwaɓin da komai, na mayar kaina. Na gasa burodi ya fito ja-ja-wur, yana ƙamshi. Na yi wa kek ɗin da Sista ta aiko kwalliyar furanni, ina jin kaina kamar wanda ya tsamo yaro daga kogi.

Bayan la'asar aka zauna a baranda su huɗu: Jan Gemu da Uwargida da Sista da Baffa, wanda ya sha babbar rigarsa ta zuwa gaban hakimi. Ni ina tsaye da butar shayi. Na durƙusa na gaishe da Baffa, ya ce, "Ɗan nan, ana riƙe amana dai ko?" Na ce, "Ana riƙewa, Baffa, fiye da yadda kake zato." Har wani daɗi na ji da na faɗi haka.

Uwargida ta yanka burodin da kanta, ta miƙa wa kowa. Sai na lura Turawan nan uku suna ci a hankali, suna taunawa kamar masu cin kifi mai ƙaya, suna kallon juna suna dariya ƙasa-ƙasa. Baffa kuwa ya yi bisimilla ya ci nasa kamar yadda mutumin kirki ke ci, ya yaba. Aka ƙara zagaye na biyu. Aka ƙara na uku. Dariyar ta fara raguwa. Uwargida ta jawo guntun da ya rage ta marmashe shi da yatsu a faranti, ta duba ƙarƙashin tebur, fuskarta ta yi fari fat. Ta yi wa mijinta magana da sauri cikin Turanci, na tsinci kalmar uwa da kalmar zobe.

Jan Gemu ya gyara murya ya ce, "Mai Gari, ka gafarce mu, mun so mu ba ka mamaki ne shi ya sa ba mu faɗa ba. Al'adar ƙasarmu ce, a wannan rana ana ɓoye abubuwa a burodi don wasa. Wanda ya sami zobe, wai zai yi aure a shekarar. Wanda ya sami wake, ba aure bana. Tsumma talauci ne, tsinke kuma rigima a gida. Yara ma suna yi, dariya kawai ake. To amma ga shi burodi ya ƙare ba wanda ya sami komai, zoben kuwa na mahaifiyarta ne da ta rasu."

A nan ne ya kamata in yi magana. Na sani. Mala'ikun da ke kafaɗuna ma sun sani. Amma sai na tsaya auna abin. In na ce zoben yana kaina, za a ce sata na yi, a gaban mutumin da ya ce ko allura na tsinta sai na yi cigiya. In na ce ba sata ba ce, sai an tambaye ni dalili, dalilin kuwa shi ne na zargi matar gidan da yi wa baƙo sammu. Ina cikin neman wadda ta fi sauƙi a cikin biyun, sai Jan Gemu ya ce, "Ko akwai wanda ya ji wani abu mai tauri ya wuce?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda an tambaya, ba zan ɓoye ba. A yanka na biyu na ji wani abu ya taɓa haƙorina."

"Ina yake?"

"Na haɗiye."

"Ka haɗiye? Don me ba ka tofar ba?"

Baffa ya dube shi da mamaki. "A gidan mutum, a gaban iyalinsa, in tofar da abincinsa? Me za a ce da ni?"

(Guntun ƙwallon dabino ne. Ni na yanka dabinon, na kuma san wanda wuƙa ta fasa wa ƙwallo. Wannan ma laifina ne, na haɗa shi da sauran.)

Uwargida ta fashe da kuka. Sista kuwa, da yake aikinta ya samu, ta miƙe ta je motarta ta dawo da akwatin magani. Ta ce, "Baba, kar ka damu. Ƙarfe a ciki ba kyau, amma zai fita. Man gelo na wankin ciki, cokali biyu, gobe da safe an gama."

Baffa ya ce, "Sista, ai da an bar shi ya fito a lokacinsa."

"A'a, Baba. Tsinke ma yana ciki. Tsinke yana huda hanji."

Ta tsiyaya man a babban cokalin miya, ta ce, "Kuku, riƙe kwalba." Na ajiye buta na riƙe. Wallahi na riƙe. Bakina ya buɗe, na ce, "Baffa..." Ya ɗago ya ce, "Kar ka damu, ɗan nan, ba laifinka ba ne." Wannan maganar ita ta ƙarasa kashe mini harshe. Ya rufe ido ya shanye na farko. Na ce a raina, to tunda ya riga ya sha ɗaya, in na yi magana yanzu za a ce me ya hana ni tun ɗazu, bari in sami jimlar da za ta bayyana wannan ma. Ina cikin gina jimlar ya shanye na biyu, ya goge gemu, ya yi hamdala.

Sai a lokacin, da komai ya riga ya wuce, murya ta zo mini, ta kuma zo da ƙarfi har mai gadi ya leƙo. Na ce, "Yana kaina!"

Duk suka juyo. Jan Gemu ya ce, "Me ke kanka?"

Na kai hannu na cire hula. To kun san kwaɓi mai yis in ya sami ɗumi. Yini guda yana tsakanin hula da sabon aski, a gaban tanda. Ya tashi, ya kumbura, ya kama fatar kaina. Hular ta fito da wata ƙara kamar an cire ƙafa daga taɓo, ƙullin nan huɗu kuwa suka zauna daram a tsakiyar kaina, kowanne a kan ɗan curinsa. Sista ta matso da irin natsuwar masu jinya, ta ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya, tana warwarewa tana jerawa kusa da kek ɗin da na yi wa furanni: wake, tsinke, tsumma, zobe.

Uwargida ta ɗauki zoben ta rungume, ta dube ni tana hawaye ta ce, "Kuku, don me?"

Da na ce sata ce, da wataƙila an kore ni da sauran mutuncina. Amma ba na iya ƙarya, musamman wadda za ta taimake ni. Na durƙusa na faɗi komai, da rufe ƙofa, da tsumman riga, da malamin da na yi niyyar kai wa. Jan Gemu ya fassara wa matan. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti da farko, har ya zame daga kujera yana dukan ƙasa. Sista ta bi shi. Uwargida tana kuka tana dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Baffa ya dafa cikinsa, ya dube ni tun daga ƙafa har zuwa kwaɓin da ke kaina, ya ce a hankali, "Ɗan nan, tun yaushe abin yake wurinka?"

"Tun hantsi, Baffa."

"Lokacin da take zuba man nan, yana wurinka?"

"Yana nan, Baffa. Ni na riƙe kwalbar."

"Na gani." Ya miƙe ya gyara riga. "Da ka yi magana da wuri, da ban sha ba. Da ka yi shiru gaba ɗaya, da na sha ina ganin taimakon baiwar Allah na yi. Kai sai ka nemo tsakiya. Wuce ka nuna mini hanyar gidanka, da sauri."

A gidana ya sauka, ni na riƙa cika masa buta. Ba zan faɗi ko sau nawa ba, don dattijo ne. Washegari da sassafe Jan Gemu ya tsaya da mota a ƙofar gida, ya aiko ni in ce Mai Gari ya fito a tafi kafa turke. Baffa yana kwance a tabarma, ya ce, "Tambaye shi, motar nan tana tsayawa duk inda aka ce ta tsaya?" Kafin in kai ƙofa ya kira ni ya ce, "Bari. Ba zan je gaban talakawana ina gudu bayan dawa ba. Ce masa ƙanena zai tsaya mini." Na ce, "Baffa, a roƙe shi ya ɗaga ranar mana." Ya ce, "In ce masa saboda me?" Ga leburori da siminti sun riga sun isa garin, jibi kuma Babura za su wuce.

Ƙanen nasa kuwa, autansu ba mahaifina ba, mutum ne da bai taɓa ce wa kowa a'a ba, ko akuya. Jan Gemu ya kai shi fadama ya ce, "Nan ya yi?" Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Aka kafa turke.

Kun ga ke nan abin da na ji tsoron tsumma da tsinke za su yi, ni na yi shi da hannuna, kuma na fi su iyawa. Ba a kore ni ba, Uwargida ma ta ce ba ta taɓa ganin mai son ubansa kamata ba, maganar da ta fi kora ciwo. Baffa ya yafe mini bayan watanni, amma har ya rasu, in na kai masa abinci sai ya ce in cire hula tukuna. Rijiyar tana nan a fadama, ruwanta garai-garai, tsofaffi ba sa iya zuwa, shanun maƙwabta suna tattake bakinta yadda ya faɗa. Mutanen garinmu Rijiyar Kuku suke ce mata. Baƙi suna ɗauka ni na haƙa, har su sa mini albarka, ni kuma in amsa da amin ina kallon ƙasa.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ga abin da ba ka gane ba a kicin ɗin mutane, tambaya ta fi ceto arha. In kuma ka riga ka yi wautar, ka faɗe ta kafin cokali na farko, domin kyakkyawar jimlar da kake jira ba ta zuwa sai an goge gemu.

Saura abu guda da nake roƙon masu karatu. Jan Gemu ya faɗi hukuncin wanda ya sami zobe, da na mai wake, da na mai tsumma, da na mai tsinke. Bai faɗi na wanda ya kwashe duka huɗun ya yini da su a ka ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Na san wasa ne, na kuma san ba kyau a gaskata irin wannan. Amma a shekarar an fasa ba ni wata, na auri wata, mun yi rigima, kuma har yau ban yi arziki ba. Don Allah in akwai wanda ya taɓa zama ƙasar Ailan, ko ya san ɗan can, ya tambayar mini: abin na shekara guda ne, ko sai an je an karya shi?